Kwanon da Yake Dawowa Cike

Jikata Rabi ta samu aiki a wata babbar makaranta a Kano, irin wadda 'ya'yan ƙasashe daban-daban suke karatu a cikinta. An ba ta ofis da fanka da kujeru masu laushi, aka ce ta kula da walwalar ɗalibai. Ranar da ta zo gaishe ni tare da ƙawayenta na tambaye ta yaya aiki.

Ta ce, "Ai hutu ne, tsoho. Mai damuwa ya zo ya zauna ya faɗi damuwarsa, ni kuma in saurara."

Na ce, "To wanda bai zo ba fa?"

"Shi ai lafiyarsa ƙalau ke nan."

Na ce, "Haba amarya, ashe da sauranki." Suka yi ta dariya, suka ce tsoho ya fara. Don su da ire-irensu na zauna nake wannan rubutu, domin na yi aikin nan tun ba a sa masa suna ba.

Ba a makaranta na koyi sana'ar ba, a masaukin fatake na koye ta. Ina saurayi na bi kawuna fataucin goro daga Kibiya zuwa Kumasi. Ciwo ya kwantar da ni a can, ayari ya juyo gida ya bar ni a hannun fatoman da muka sauka gidansa, wani tsoho da ake kira Baba Nagwanja. Da na warke sai na zauna ina taya shi hidimar baƙi. Aikin farko da ya ba ni shi ne kwashe kwanuka in an gama cin abinci, amma ya hana ni haɗa su. Sai in jera su a gabansa, in gaya masa wannan na wane ne, wancan na wane. Ya duba ya ce, "Wannan ya ci tuwo ya bar miya, yajin ƙasar nan ya fi ƙarfinsa, gobe a rage masa. Wannan ya sharɓe miya ya bar tuwo, haƙori ke damunsa. Wannan ya taɓa gefe ɗaya ya ture, ciniki ne bai yi masa kyau ba, kada kowa ya tambaye shi kasuwa yau." Yakan ce baƙo in ka tambaye shi lafiya zai yi maka kara, amma kwanonsa bai san kara ba.

Daga Kumasi na yi yawo. Na yi tafinta a Ikko, na bi hanyar hajji ta ƙasa na yi zaman shekaru a Fort-Lamy ta ƙasar Cadi da Sudan, na zauna a rugage a Adamawa. Na tsinci Tonancin mutanen Kumasi da Yarbanci da Larabcin Shuwa da Fulatanci, da Turanci da ɗan Faransancin da zai raba ni da jandarma. Abin da yawon ya koya mini ya fi harsunan: kowace ƙasa da yadda ɗanta yake nuna ciwo. Yaron Kumasi in abu ya dame shi unguwa duk sai ta ji. Na Sudan yakan bar shan shayi. Namu na nan kuwa, jiki na rawa da zazzaɓi, ka tambaye shi ya ce, "Da sauƙi."

Da na dawo gida, ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai, sai na tarar an buɗe makarantar sakandare ta kwana a gindin duwatsun Rano. Ba yaran ƙasarmu kaɗai ke ciki ba. Akwai 'ya'yan fatake daga zangon Kumasi, akwai na Damagaram da na Fort-Lamy, akwai 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa daga Kudu. Shugaban makarantar Bature ne, yara suna kiransa Mai Lofe don bakinsa ba ya rabuwa da lofen shan taba. Yana neman wanda zai iya magana da kowane yaro da harshen uwarsa, aka kai ni. A takarda ni ne mai kula da ɗakunan kwana. A bakin yara ni ne Baban Ɗaki.

Kayan aikina ba su da yawa. Keke, da tabarma da nake shimfiɗawa a gindin tsamiyar bayan ɗakunan kwana, da wani akwatin ƙarfe. A cikin akwatin akwai kwinin, man zafi, auduga, almakashi, aska, kanwa, sai allura da zare. A duk cikinsu allura ce babba. Ban taɓa kiran yaro na ce ya zo mu yi magana ba. Sai dai in ce, "Kai, wandon nan naka ya yage, kawo." Ya zauna kusa da ni yana jira, idona na kan ɗinki, ba na kallonsa. Kafin in kai ƙarshen yagar ya gaya mini wanda yake ƙwace masa sabulu, ko cewa ya bar mahaifiyarsa ba lafiya. Yaro ba ya buɗe cikinsa ga wanda ya zuba masa ido. Wani lokaci in na ji maganar da saura, sai in warware ɗinkin in ce ya karkace.

Akwai wani ɗan Fort-Lamy da ya yi ta kuka a makonsa na farko, malamai suka ce kewar gida ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Na ja shi da Larabci, ashe tun da aka yaye shi bai taɓa wayar gari ba shayi ba. Na samo ƙaramar buta, kullum da safe mu sha kofi ɗai-ɗai. Kukan ya tsaya. Wani ɗan Ikko kuma tuwon dawa ya ƙi wuce masa maƙogwaro, sai da na riƙa jiƙa masa garin rogo, ina rage garin ina ƙara tuwon, har ya zama shi ke neman ƙari.

Iyaye ma abokan cinikina ne, kuma sun fi 'ya'yansu wuyar sha'ani. Wata tsohuwa daga Kahu takan zo da ƙullin ƙuli-ƙuli da laya, ta ce, "Malam, in ya yi laifi a doke shi, ban da kai, ban da ciki, ban da hannun rubutu." Na ce, "Inna, to ina ya rage?" Ta ce, "Kai ka sani, ai kai ne malami."

Amma babban aikina yana wurin wanke-wanke. Kowane yaro da kwanonsa mai lamba a gindi. In an tashi daga ɗakin cin abinci sai in tsaya inda ake tara su, in bi su da kallo kamar yadda Baba Nagwanja ya koya mini. Masu dafa abinci sun ɗauka sa ido nake yi musu, sai da aka daɗe suka saki jiki da ni.

Sai shekarar wahala ta zo. Damina ta ɗauke dawa tana cikin fitar da kai, hatsi ya yi tsada, ciwon huhu kuma ya shiga shanu ya yi ɓarna a rugage. Makaranta ta rage malmalar tuwo. Da yunwa ta shigo, sai manyan ɗalibai suka fara tilasta wa ƙanana su ɓoye rabonsu a hula ko a aljihu su kai musu ɗaki. Mai Lofe ya kafa doka: ko loma ɗaya kada ta fita daga ɗakin cin abinci. Ya sa aka ɗauki mai tsaron ƙofa, wani dogon Bafulatani daga wajen Fassi mai suna Malam Sambo, wanda ciwon ya share masa garke ya bar shi da iyali da sanda kawai. Aka ajiye masa kujera daga cikin ƙofa, yana fuskantar teburori. Ya iya aikinsa. Ya laƙaba wa kusan kowane yaro suna, in ya daka tsawa har cokula sai sun yi shiru.

A wannan shekarar ne kuma aka samu wani ɗalibi da tarin fuka, aka mai da shi gida. Tun daga nan hankalin Mai Lofe ya tashi. Duk yaron da ya fara rama, sai ya ce a sallame shi kafin ya shafa wa saura.

Kwanon Buba ne ya fara dawowa cike. Buba ɗan aji ɗaya ne daga wata ruga kusa da Tarai, shiru-shiru, ga ƙwaƙwalwar lissafi. Da farkon zuwansa yakan cinye abincinsa har ya suɗe kwano. Yanzu kuwa malmala tana dawowa yadda aka sa ta, a shekarar da yara ke faɗa a kan ƙanzo. Kunun safe da ake kai musu ɗakunan kwana yana sha. Bayan wannan sai 'yar kanya da goruba da yake tsinta a bayan makaranta. Wuyansa ya zama kamar mariƙin lema. Malamin asibiti ya auna shi, ya saurari ƙirjinsa, bai ji komai ba, amma ya ce shi ba zai rantse ba.

Na kama rigarsa da hujjar maɓalli ya tsinke, muka zauna gindin tsamiya.

"Buba, tuwon ne ba daɗi?"

"Da daɗi, Baba."

"Cikinka fa?"

"Lafiya lau."

"Wani ne yake karɓe maka?"

"A'a."

Na ɗinka maɓallin, na tsinke, na sake ɗinkawa. Can ya ce, "Baba, da gaske ne za a mai da ni gida?"

"Wa ya gaya maka?"

"Yara ke faɗa. In an mai da ni ba zan dawo ba. Da ƙyar aka bar ni na zo. An ce sandar kiwona tana nan a rataye, ranar da na koma ranar zan ɗauke ta."

"Kai me kake so?"

"Ina so in san abin da ya kashe mana shanu."

Ban samu komai ba bayan wannan. Washegari Mai Lofe ya kira ni ya ce motar da za ta shiga Kano ƙarshen wata za ta bi ta Tarai ta sauke yaron. Na roƙe shi ya ba ni zuwa lokacin. Ya cire lofen ya ce, "In bai fara ci ba kafin motar, ba zan sa ran yara da yawa a haɗari don mutum ɗaya ba." Gaskiyarsa ce, ni ma da ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan.

Ana nan sai wata rana kwanon ya dawo a suɗe tas. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin. Kashegari ya dawo cike. Na zauna ina lissafin me ya bambanta jiya da yau. Tuwo iri ɗaya, miyar kuka ce duka, teburinsa bai canza ba. Abu ɗaya ne: jiya ranar kasuwa ce, an aiki Malam Sambo ya sayo wa makaranta man shanu, wani lebura ne ya zauna a ƙofa.

Na fara zaton tsoro ne, don Malam Sambo ba ya wasa. Sai na tsaya daga nesa ina kallon shigar yara. Kowa ya zo wucewa sai ya sha tsiya: "Kai Dogon Banza, a hankali! Kai Ɗan Gwanja, ina hularka?" Da Buba ya doso, tun daga nesa ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya sunkuyar da kai. Malam Sambo kuwa sai ya ɗaga ido yana kallon rufin ɗaki, kamar wanda yake neman inda yake yoyo. Shi kaɗai ne yaron da bai laƙaba wa suna ba. Ko sunansa na yanka ban taɓa ji a bakinsa ba.

Wannan ba tsoro ba ne. Na san shi tun zamana a rugagen Adamawa. Na tare wata mai kawo mana nono daga Tarai na ce, "Inna, Sambon nan na Fassi, yana da kowa a wajenku?"

Ta ce, "Ikon Allah, ba ku sani ba? Ai ƙanin uban yaron nan naku ne, ciki ɗaya. Shi ya yanka ragon sunansa. Kiwo ne ya kai shi Fassi."

Ashe baffansa ne. Kuma ɗan fari ne Buba. A gidajen da suka riƙe fulako da gaske, yaro irinsa ya gwammace ya kwana da yunwa da ya kai loma baki a gaban mahaifinsa ko ƙanin mahaifinsa. Makaranta ta ɗauki baffan ta dasa shi yana fuskantar teburin ɗansa, rana da yamma, ta kuma hana fita da abinci. Ba wanda ya yi laifi. Ba kuma wanda zai faɗa, domin faɗin ma abin kunya ne.

A nan ne sana'ar take, ku masu cewa hutu ne. Gano ciwo rabin aiki ne. In na fayyace wa Mai Lofe a lokacin, mutumin kirki ne, zai kira su biyun ofis ya zaunar da su ya ce a yi magana a fili, kuma kafin la'asar duk biyun sun bar makarantar. In aka sallami Malam Sambo, iyalinsa za su ci me a wannan shekara? In na ware wa Buba abinci a waje, na karya dokar da ke kare sauran ƙananan, kuma yara za su tambayi dalili.

Na sami Malam Sambo da hantsi a bakin rijiya yana wanke sandarsa. Na gaishe shi da Fulatanci, muka taɓa zancen damina da na ciwon shanu. Sannan na ce, "Malam, ina da tambaya irin ta makiyaya. Akwai wani maraƙi a garkena, lafiyarsa ƙalau, amma ba ya kiwo in babban bijimi yana kallonsa."

Ya daɗe yana goge sandar. Ya ce, "Ya rame sosai?"

"Har ana shirin fitar da shi daga garken."

"Na ga haƙarƙarinsa tun ba yau ba," in ji shi. "Na yi niyya in wata ya mutu in ajiye musu aikinsu."

"In bijimin ya tafi, 'yan maruƙansa na gida su ci me? Kuma wannan ɗin zai san don shi aka tafi. Kana ganin abinci zai wuce masa bayan haka?"

Can ya ce, "Malam, su Turawan nan, dole sai da ido ake yi musu tsaro?"

Na ce, "Ni dai ƙofa na ji an ce ka tsare."

Ya ce, "To. Makiyayi ai ba da ido kaɗai yake kiwo ba."

Da rana ta yi aka buga ƙararrawa, sai yara suka tarar da kujerar Malam Sambo a waje, gefen ƙofa, ya fuskanci dutse ya ba ɗakin ƙeya. Ni kuma da safen na sake wa kowa wurin zama, da hujjar raba masu surutu, Buba ya faɗo bayan ginshiƙi. Yara suka ga banza ta faɗi. Ana cikin ci sai muryar Malam Sambo ta shigo, bai ko waiwaya ba: "Teburin taga! Na ji cokali biyu a kwano ɗaya. Dogon Banza, mai da hannunka gida!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Da aka tashi, wani ɗan Kumasi ya zo wucewa, Malam Sambo ya tare shi da sanda. "Ɗan Gwanja, yau kanka ya yi tsawo. Cire hular mu gaisa." Malmala ta faɗo. Daga ranar yara suka yarda yana da ido a ƙeya.

Na je wurin wanke-wanke. Kwanon Buba an ci rabi. Kashegari an bar loma biyu. Rana ta uku sai da na juya gindinsa na duba lamba, don ban bambanta shi da wankakke ba.

Mai Lofe ya zo zagaye ya ga mai tsaronsa yana kallon dutse. Ya ce da ni, "Haka ake gadi a ƙasarku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun da ya juya an fita da tuwo?"

"Ban ji ba."

"To a bar shi ya sha iska."

Motar ƙarshen wata ta tafi Kano ba ta bi ta Tarai ba. Sai da kumatun yaron suka dawo na ba Mai Lofe labarin, mu biyu, bayan ya yi alkawarin ba zai nuna ya sani ba. Ya zuƙi lofensa ya ce a makarantar da ya yi a ƙasarsu, shekara biyu yana haɗuwa da wansa a hanya ba su gaisa ba, don ƙaramin ɗalibi bai isa ya yi wa babba magana a gaban mutane ba. Na ce ashe kowa da fulakonsa. Ya riƙe alkawarinsa. Malam Sambo ya yi shekaru a ƙofar nan, har bayan an samu mulkin kai, yunwa ta wuce, Buba ya gama ya tafi, amma kujerar ba ta sake komawa ciki ba.

Buba ya zama malamin dabbobi. Shi ne ya riƙa yi wa shanun ƙasar Rano da Kibiya allura, Fulani suna kawo masa garke da kansu, abin da ba sa yi wa baƙo. Bayan na ajiye aiki na dawo Kibiya, wata rana mota ta tsaya a ƙofar gidana. Buba ne, gemu ya fara furfura, ya riƙo hannun Malam Sambo wanda yanzu yake zaune a gidansa, ido ya yi rauni ƙwarai. Muka zauna a zaure muka gaisa. Aka kawo tuwo daga cikin gida, kowa da kwanonsa. Na ce bisimilla. Buba ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake, ya bar kwanon a rufe.

Malam Sambo ya lalubi sandarsa, ya ja buzunsa zuwa bakin zaure, ya zauna yana fuskantar titi, shi da ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Ya ce, "Malam, zauren nan naka da zafi."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, sha iska."

Na ji ƙarar murfin kwano a gefena. Ban waiwaya ba, na ɗauko wata tsohuwar hula ina duba inda ta yage.

Rabi, gobe in kin je, ki kashe fankar nan ki tambayi inda ake wanke kwanuka.